Ranar da Aka Shafa wa Duwatsuna Farar Ƙasa

Mun tashi daga Damagaram da asuba, mu uku a tsohuwar motar ɗaukar kaya: ni da direba da mai waldar da ke haɗa mini kaya. Na ce da asuba ne don haka muka shirya. Gaskiyar magana sai da gari ya yi haske muka bar unguwar Zango, saboda sai da muka shiga mota direba ya tuna tayar ko-ta-kwana ba iska, mai faci kuma bai fito ba. Na zauna ina kallon gabas tana ja.

Da yawanku kun san ni da sayar da kayan sola, faifai da batura da famfon rijiya da tiyo. Wannan tafiyar ta wani abu ce dabam, don haka bari in yi bayani tun yanzu. Akwai wani ƙauye gabas da Hamdara, ba zan faɗi sunansa ba don ina da niyyar komawa, wanda rijiyarsa ta zartsi ce. Ruwan ɗanɗanon kanwa da gishiri gare shi. Sabulu ba ya kumfa a ciki, shayi ba ya shayuwa, tsofaffi kullum cikin kukan ciki. Ruwa mai daɗi sai an ɗaura wa jaki bido, wato jarka, an yi tafiya mai nisa.

To akwai wani akwati da muke haɗawa, mai faɗi marar zurfi, cikinsa baƙi, an rufe shi da gilashi a karkace. Ka zuba masa ruwan zartsi ka bar shi a rana. Ruwan ya yi zafi, tururi ya tashi ya taru a jikin gilashin kamar zufa, ya gangaro cikin ɗan kwararo, ya bi tiyo ya sauka a bido. Gishiri da kanwa su kwanta a ƙasa, abin da ya fito tas yake kamar ruwan sama. Ba ya cin batir, ba ya cin mai. Aibinsa ɗaya, rowa. Ɗigo yake yi, kuma rana na faɗuwa ya huce ya daina.

Wani mushe, malamin da ke koyar da aikin hannu a lakwal, wato makarantar boko, abokin cinikina, shi ya kawo dabarar a sa wa akwatin abin da ke riƙe zafi. Na sa aka tsinto mini baƙaƙen duwatsu masu santsi daga wani kwari wajen Tirmini, muka kuma cika gwangwanaye da kakin kyandir muka like bakinsu da dalma, muka jera su cikin ruwan. Da rana dutse ya sha zafi, kakin ya narke. In rana ta faɗi gilashi ya yi sanyi, su kuma su riƙa sakin zafin da suka sha a hankali, ruwa ya ci gaba da tururi har wayewar gari. Duk wanda ya taɓa jingina da duwatsun unguwar Birni bayan magariba ya ji ɗumi a bayansa, ya riga ya fahimci zancen.

Wani Alhaji, babban mai cinikin hatsi a garinmu, yana son yin sadakar ruwa bana a ƙauyukan wannan yanki, don can mahaifiyarsa ta fito. Na kai masa maganar akwatin. Ya ce mai duwatsun ya fi tsada, shi kuma mutumin tiya ne, ba ya sayen abin da bai auna ba. Muka yi sharaɗi. Na kafa akwati biyu a ƙauyen, ɗaya zalla, ɗaya mai duwatsu da kaki. Shi zai zo da safe ya ga abin da kowanne ya tara a bidonsa daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. In bambancin ya fito fili, aikin ƙauyukan duka nawa ne. In bai fito ba, zai saya musu amalanken jaki da tano, wato ganga, su riƙa ɗebo ruwa. Ni kuwa da ƙarfin gwiwata har na riga na sayo gilasai na jingine a shago. Makonni akwatunan suna can, duk sanda Maigari ya samu rezon waya ya kira ni, maganarsa ɗaya ce, mai duwatsun ya fi. Shi ya sa na riga Alhaji zuwa da kwana ɗaya, a zatona in share gilashi kawai in sha fura.

Fita daga gari muka wuce layin bido masu ruwan ɗorawa a bakin wani famfo, an jera su tun jiya kowanne da dutse ko tsumma a kai don mai shi ya gane wurinsa. Mu mutanen Damagaram ba a yi mana wa'azi a kan darajar ruwa. A shingen jandarma wani ya leƙa bayan mota ya ga tiyo da guga da buhun garin katako, ya tambaye ni ko ni mai proje ne, irin na ƙungiyoyin agaji. Na ce a'a, mai shago ne. Ya duba takardu ya miƙo mini da alamar na ba shi kunya.

Hanyar Mirya ba laifi, sai dai ramukan da direba ya haddace kamar karatun allo, amma duk da haka sai ya faɗa musu. A Mirya muka tsaya karyawa. Garin na burge ni kullum, inuwar manyan itatuwa, garaken kayan lambu, ga tukwane da randuna an kife su a bakin hanya jajaye, kamar an shanya barkono. Muka sha koko da ƙosai. Ƙosan bana ya rame. Na gaya wa mai tuyar, ta ce in je in tambayi wake da mai, ita ma ba ta ji daɗin ganin su ba. Mai walda ya sayi kilishi da aka naɗe a takarda mai yawa, da ya buɗe sai takardar ta fi naman kauri. Na sayi goro da sukari da ganyen shayi na gaisuwar Maigari, muka kama hanya.

Bayan Hamdara muka sauka daga kwalta. Daga nan sai rairayi da gonakin hatsi da aka share ana jiran damina, kututturan kara tsaye, giginya da goruba can nesa, awaki na bin inuwar gawo. Zafin bazara ya fara tun hantsi bai yi ba. Ni kaɗai nake murna da shi a motar, don ranar da ke ƙona keyar direba ita ce jarina. Sau ɗaya mota ta kafe, muka sassauta iskar tayu muka tura. Wasu mata a kan jakuna da bidonsu suka tsaya suna mana sannu, ɗaya ta ce da mun zo da jaki da tuni mun isa. Ban musa mata ba.

Tun daga bakin ƙauyen na ga an yi shara. Ba kashin awaki, ba leda, har an yayyafa ruwa. Daga gindin tsamiyar dandali zuwa ƙofar gidan Maigari an jera duwatsu layi biyu, farare fat, an shafa musu farar ƙasa, irin yadda ake yi in wani babba na gwamnati zai zo. Na ce wa direba, ka ga mutanen kirki, sun san darajar baƙo. Har na ɗauki hoto da salula.

Mai walda ne ya sauka ya tsaya a kan layin yana kallo. Ya duƙa ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya kankare da farce.

"Maigida," ya ce, "wannan dutsen na san shi."

Ƙarƙashin farin, baƙi ne wuluk, mai santsi. Dutsen Tirmini.

Ban tsaya gaisuwa ba, abin da ban taɓa yi ba, na zarce bayan masallaci inda muka gina wa akwatunan dakali. Sai na tarar da rumfa. Sabuwar rumfa ta zana, mai kauri, mai kyan gini, an kafa ta daidai kan akwatunan biyu, ko tsinken rana ba ya ratsawa. Na leƙa ta gilashi. Ba dutse, ba gwangwani, ba ruwa. Baƙin fentin ciki ma an goge shi da toka da rairayi har ƙarfen yana ƙyalli kamar sabon kwanon amarya.

Maigari ya iso da fara'arsa, dattijo ne dogo mai sanyin murya, bayansa yayarsa, tsohuwar da na damƙa wa kula da akwatunan, wadda kowa ke kira Iya. Ita ke zuba ruwa da safe, ita ke raba abin da ya fito.

"Mai Sola, lale! Ka ga aiki?" in ji Maigari. "Tun da ka ce Alhaji zai zo ba mu zauna ba."

Na tattara duk ladabin da iyayena suka koya mini na gaishe shi, na tambayi gida da zafi da jama'a, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ina duwatsun ciki?"

"Ga su nan ka wuce su. Babu irinsu a nan, duk girmansu ɗaya. Ai sun yi kyau a hanya."

"Gwangwanayen fa?"

Iya ta karɓe. "Suna ƙarƙashin gadon Maigari, ɗan nan, na naɗe su a zane. Ka gode mini. Da zan wanke akwatin da tsakar rana na girgiza ɗaya, na ji abin ciki ya narke yana kwal-kwal. Na ce kayan mutane za su lalace a hannunmu. Yanzu sun daskare sarai."

"Iya, narkewar ita ce aikin."

"To," ta ce. Irin "to" ɗin da ake ce wa baƙo in ya faɗi abin da ba shi da kai.

Su fa sun san mai duwatsun ya fi ba da ruwa, su ke sha. Ba wanda ya musa. Abin da suka ce shi ne, in baƙo ya tafi sai a mayar da kome yadda yake. Amma babban mutum ya taso tun daga birni ya leƙa ruwan shan gari ya ga duwatsu da gwangwanaye a cikin baƙin akwati, a tsakiyar rana kamar kayan da ba su da mai su? Me za a ce da su a kasuwar Hamdara? A wurinsu ruwan sha inuwa ake ba shi, abin daraja inuwa ake ba shi, abin da baƙo zai gani kuma wanke shi ake yi. Kwana biyu gari na shan zartsi saboda wannan gyaran, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Ba a rushe rumfar Maigari a gaban jama'arsa, ko da kai ka ba shi zanar. Dole aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono, limami ya zo, dattawa suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa sai an gaisa da shi daga farko. Furar ta yi daɗi, ba zan ci amanarta ba, hatsin bana ne da yaji daidai. Amma ina sha ina kallon inuwar tsamiya tana gajarta. Kowace gaisuwa zafin rana take ci mini, zafin da ya kamata a ce dutse na sha.

Da na ga bayanin tururi ba ya shiga, sai na koma harshen kasuwa. Na ce Alhaji sayen abu zai zo yi, mai sayen sa kuma a gona yake son ganinsa da garma, ba a ɗaure da tsabar kwalliya ba. Wani dattijo ya ce wannan gaskiya ne. Maigari ya ce to rumfar fa, da aka sha wahalarta? Na ce ai irin wannan rumfa ba ta dace da akwati ba, Alhaji da kansa ya kamata ya zauna a ƙarƙashinta. Nan fuskarsa ta saki. Aka kira majiya ƙarfi, aka tone ƙafafun, suka ɗaga ta ɗungum suka yi dandali da ita, tana tafiya kamar kunkuru mai ƙafa da yawa.

Sai wankin duwatsu. Muka kwashe su a kwando, muka zauna bakin rijiya da soso, ni da direba da mai walda, mata na wucewa suna dariya a cikin mayafi. Farar ƙasa na fita, amma ba ta fita da sauri. Iya ta tsaya a kanmu hannu a ƙugu.

"Jiya na shafa, yau ka wanke. Ku mutanen birni ba ku da aikin yi."

"Iya, baƙi shi ke shan rana."

"Ni ma baƙa ce, na sha ta, ban ga abin da ta ƙara mini ba."

Fenti ba mu zo da shi ba, ko da mun zo ma ba zai bushe ba. Sai muka daka gawayi muka shimfiɗa a ƙasan akwatunan, duka biyun daidai wa daida, don ban so gobe a ce na yi wa ɗaya gata. Robar bakin gilashi ta yage wurin buɗewa, mai walda ya yanka tsohuwar robar cikin taya ya like. Muka ƙara garin katako a ƙasa da gefe don kada zafi ya tsere. Muka jera duwatsu da gwangwanaye a ɗaya, muka zuba ruwa kaɗan, don mai yawa ba zai yi zafi da wuri ba. Kafin mu rufe gilashi an kira azahar. Rabin rana ya tafi a gaisuwa da soso.

Allah ya taimake ni bazara ce. Zuwa la'asar gilasan sun yi zufa, tiyo ya fara ɗiga. Da rana ta faɗi na juye abin da ya taru na ba Iya, na kafa bido biyu wankakku, iri ɗaya, kowanne a bakin tiyonsa. Bayan magariba na koma na tsuguna. Akwatin zalla ya fara ja da baya, ɗigo ɗaya sai ka gaji da jira. Mai duwatsun kuwa yana ta yi, ɗis, ɗis, ɗis, na ɗora tafin hannu a gefensa na ji ɗumi kamar cikin kaza mai kwanci. Duk gajiyar ranar ta sauka. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da zabo, na ci kamar ba ni ne na yini ina cizon yatsa ba. Kafin a watse na tashi a gaban Maigari da Iya da limami na roƙi arziki ɗaya, kada kowa ya taɓa akwatunan nan sai Alhaji ya gani. Kowa ya ce to. Na maimaita. Suka sake cewa to.

Da kiran assalatu na biya ta wurin kafin masallaci. Na ɗaga bidon mai duwatsu a dama, na akwatin zalla a hagu. Ba sai an kawo ma'auni ba, hannun dama ya rinjayi na hagu sosai, kuma mai duwatsun bai gama ɗiga ba. Na mayar da su, na shiga sahu da zuciya fara. Bayan salla limami ya ja addu'a mai tsawo saboda baƙon da ke tafe, ya roƙa wa Alhaji, ya roƙa wa iyayensa, ya roƙa wa motarsa. Daga nan aka ja ni gaida wani tsoho marar lafiya, daga can aka tsare ni da koko. Ban damu ba. Aiki ya riga ya yi kansa.

Da na dawo bayan masallaci, akwatunan na nan yadda na bar su, ba wanda ya taɓa. Bidon ne babu. Na waiga na gan su a kife a kan turke, an wanke su, suna tsane ruwa.

A ƙarƙashin rumfar dandali Iya ta kafa sabuwar randar Mirya a kan jiƙaƙƙen rairayi, ta turare ta da turaren randa tun jiya, ta rufe da faifai mai ado. Ruwan bido biyun duka yana ciki.

"Ka ce kar a taɓa akwati, ban taɓa ba," ta ce tun kafin in buɗe baki. "Amma ruwan ɗumi a bidon roba, shi za a miƙa wa Alhaji? Ba a gidan ubana ba."

Na zagaya tsamiya. Direba ya ce in yi haƙuri, na ce ya yi mini shiru. Mai walda ya koma mota ya zauna ya rufe ƙofa, daga baya ya ce dariya ce ta kama shi, ya ji tsoron in gani.

Da hantsi Alhaji ya iso. An yi tarba ta gaske, guɗa da kome. Aka zaunar da shi a rumfa, Iya da kanta ta durƙusa ta miƙa masa ruwa a sabuwar ƙwarya. Ya sha, ya lumshe ido, ya ƙara. Ya ce rabonsa da ruwa mai wannan ƙamshi tun mahaifiyarsa na da rai. Iya ta kalle ni ta gefen ido.

Sannan ya juyo. "Malam, ina bidon namu?"

Na faɗa masa gaskiya tun daga farar ƙasa har randa, ban rage ba, ban kuma ɗora wa kowa laifi a gaban jama'a ba. Na kai shi ya ga akwatunan, ya taɓa, ya yi tambayoyi masu ma'ana, ya leƙa duwatsun. Amma rana ta riga ta hau, duka biyun sun fara zufa iri ɗaya, ba abin da ido zai raba. Maigari ya ba da shaida, limami ya ba da shaida. Iya ta ce ita ke juyewa kullum, mai duwatsun ya fi, ta rantse da kabarin mijinta.

"Na yarda da Iya," in ji Alhaji. "Na yarda da kai ma, Malam. Amma ni a sana'ata, ko wadda ta haife ni ce ta ce buhu ya cika, sai na sa tiya."

Na ce ya kwana ɗaya, ko ya bar yaronsa ya gani gobe. Ya ce motocinsa na jiransa a kan iyaka, damina ta ƙarato, mai amalanke kuma ya riga ya ba shi magana, ba zai bar mutane da ƙishi yana jiran dutse ba. Bana amalanke da tano zai saya. In Allah ya kai mu bayan kaka, zai biyo ta nan wata safiya ba tare da ya gaya wa kowa ba, har ni. Abin da ya tarar shi zai auna. Ban ji daɗi ba, amma da ni ne shi, abin da zan yi ke nan.

Maigari bai gane an yi asara ba sai da motar Alhaji ta ɓace. A ganinsa taro ya yi kyau, baƙo ya sha ruwa har ya tuna mahaifiyarsa. Da limami ya yi masa bayani a gefe, sai ya shiga gida, ya fito da rago a igiya. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce in ban karɓa ba ya san ina fushi. Ina fushin kuwa, amma na karɓa. Iya ba ta fito sallama ba, sai ta aiko da kwalbar ruwan randar, an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, wai in sha a hanya.

Komowa ba wanda ya yi magana har Hamdara, sai ragon, wanda bai rufe baki ba har Mirya. A shingen jiya jandarman nan ya leƙa ya ga rago, ya ce ashe dai proje ya yi kyau. Na ce alhamdulillahi. Ruwan Iya kuwa na sha shi wajen tsakar hanya, sanyi ƙarara, da ƙamshi. Abin haushin ke nan, ba a iya cewa ba ta iya ba. Muka shigo Damagaram bayan la'asar, na buɗe shago, gilasaina na jingine a bango suna nuna mini fuskata.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Dabarar dutse da kaki tana aiki, na ɗaga da hannuna na ji, kuma da rabin rana ma ta yi. Mai son gwadawa ya sa ruwa kaɗan, ya like bakin gilashi da kyau, ya samu baƙin dutse mai santsi, kada kuma ya yi wa kowa alkawarin zai shayar da shanu, ruwan shan gida ne. Ni dai na riga na ce wa mai walda akwati na gaba da kejin bido za a yi shi, da kwaɗo, makulli a aljihuna. Na kuma gane "to" a ƙauye ba ta nufin an yarda, tana nufin an ji ka, kuma kai baƙo ne. Babban darasin shi ne, in kana son nuna wa mai saye yadda kayanka ke aiki a hannun mutanenmu, kada ka ce musu baƙo na zuwa. Na yi lissafin iska da ƙura da yaran da ke jifa da awakin da ke hawa gilashi. Ban yi lissafin karamci ba, shi kuwa ya ci ni.

Washegari da safe ina buɗe shago salula ta yi ƙara. Maigari ne, ya hau tudu ya samu rezo, yana magana da ƙarfi iska na kaɗa muryarsa.

"Mai Sola! Ba mu taɓa kome ba, wallahi ko bido! Yau mai duwatsun ya kusa cika, ɗayan ko rabi bai kai ba. Iya ta ce a tambaye ka, a ajiye wa Alhaji haka, ko mu sha?"

Na dubi gilasai, na dubi ragon da ke ɗaure a ƙofar shago yana cin kwalin batir.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku sha."